Gwaggo, Wadda Sunayen Yara Suka Zauna Wurinta

Gwaggo ta rasu da hantsi, tsakiyar damina, a ɗakinta na Tasawa. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba mu yi tsammanin jama'a ba. Tsohuwa ce wadda ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, mijinta ya daɗe a ƙasa, sa'o'inta kuma kusan duk sun riga ta. Tabarmi kaɗan muka aro a maƙwabta, muka ce za su isa. Baba, wanda yake ƙanenta, ya zauna ƙofar gida tare da liman da 'yan unguwa yana karɓar gaisuwa, ba ya cewa komai sai amin. Ni kuma, ɗiyar ƙanen nata, wadda ta riƙa tun ina ƙarama, ina ciki tare da Inna da sauran mata.

Washegari amalanken jaki ya tsaya ƙofar gida. Mata suka sauko, bakin zannuwansu duk taɓo, babu ko ɗaya da muka sani. Ba su gama gaisuwa ba wasu suka iso kan moto, wato babur, wasu a ƙasa. Daga bayan Maijirgi, daga ƙauyukan yankin da ake kira Sarkin Hausa, daga wani zangon Buzaye da ko sunansa ban taɓa ji ba. Inna ta jawo ni gefe ta ce, "Waɗanga kuma dangin wa ne?" Na ce ban san su ba, amma ina da zato.

Wata mai goyo ta durƙusa gabanmu ta yi mana ya haƙuri, sannan ta ce, "Ba ku san ni ba. Shekarun baya ɗiyata ta rasu, marigayiya ta zo ta tambaye ni yadda aka yi. Kowa haƙuri ya ba ni. Ita kaɗai ta tambaye ni."

Wata kuwa, doguwa, mai furfura, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ni ban zo don ina ƙaunarta ba. Ta zo ta tone mani ciwon da na rufe, ta rubuta, ta hau moto ta tahi. Na daɗe ina jin haushinta."

Inna ta ɓata rai. "To mi ya kawo ki?"

"An ce ta rasu. Sai na ga duk duniya babu sauran wanda ya san labarin yaron nan daga farko har ƙarshe, sai ni ɗaya."

Ta zauna. Ita ta tuƙa tuwon sadaka ranar, ba ta tafi ba sai da rana ta yi sanyi.

Tun daga wannan zama nake son in rubuta wani abu game da Gwaggo. Ta ƙare ƙarfinta tana tattara labarin waɗanda ba su daɗe a duniya ba, don kada su wuce kamar ba a yi su ba. Ba na son ita ta wuce haka.

Aikinta, in an tambaye ta, cewa take anket, wato bincike. Masu nazarin lafiyar jama'a sukan zo ƙasarmu suna son su san abin da ke kashe yara, a wane wata, a wane gari, da waɗanne alamu. Yawancin yaran ƙauye a gida suke rasuwa ko a hanya, likita bai gan su ba, babu takardar da ta ce ga abin da ya ɗauke su. Saboda haka sai a aika wani ya bi gida-gida, ya zauna da uwa, ya tambaye ta yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A tara amsoshin, a kai wa masana, su duba su ce wannan ya yi kama da zazzaɓin sauro, wannan da sanƙarau, wannan da gudawa. Gwaggo tana cikin masu zama da uwayen. Ta yi wasu ayyukan ma: ta auna damtsen yara da ɗan zare mai launi, ta ƙidaya gidajen sauro, ta taɓa bin wasu samari masu kama sauro da kwalba tana yi musu tafinta. Amma tambayar uwaye ita ce ta zama tata.

Yadda ta sami karatun ma abin dariya ne a gidanmu. Kakanmu daga arewa ya gangaro bayan fari ya cinye masa yawancin dabbobi, ya zauna kusa da Maijirgi ya kama noma. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, wato makarantar boko, ya ƙi ba da namijin, ya ba da macen. Baba ya tsira da garke, Gwaggo ta tafi da allo. Ba ta yi nisa ba aka yi mata aure, amma ta fito da karatu da rubutu, ga Hausa, ga Tamajak ta gida, harshen Buzaye, ga ɗan Faransanci. Ta haihu sau uku, babu wanda ya kai yaye. Bayan mijinta ya rasu ta zauna Tasawa, aka ba ta ni. Da masu bincike suka zo neman mace mai hankali wadda za ta iya shiga kowane ɗaki, manjon gidan likita, wato babban ma'aikacin jinya, ya nuna musu ita.

Na bi ta ƙauye lokutan hutu, na ga yadda take yi. Ba ta fitar da takarda daga jaka sai ta sha ruwan gidan, ta yi addu'a ga mamacin, ta tambayi gona da awaki. In akwai uwar miji a wurin, da ita take fara hira har sai tsohuwar ta gaji ta tashi da kanta. Sannan ta matsa kusa da uwar yaron ta ce, "Ban zo da laifin kowa ba." Kullum da wannan take buɗewa. Sai ta ce, "Mu fara daga ranar da yake lahiya. Mi yake so? Mi ke ba shi dariya?" Wannan ba ya cikin takarda. Takarda daga zafin jiki take farawa. Amma ita ta ce ba ta iya tambayar mutuwar wanda ba ta san rayuwarsa ba.

Ba ko'ina ake maraba da ita ba. A wasu garuruwa yara suna hango farin lulluɓinta kan moto sai su ruga suna cewa ga mai tambayar matattu. Akwai inda aka ce ƙafarta ba ta da kyau, in ta shiga gari sai wani yaron ya bi. Wata tsohuwa ta taɓa tare mata ƙofa da taɓarya. Gwaggo ba ta ja da ita ba, ta koma bakin rijiya ta zauna. Can sai ga surukar tsohuwar da tulu, ta ajiye shi, ta ce, "Tambaye ni da sauri."

In maza suka ce wannan aiki tonon kabari ne, da dabbobi take ba su amsa. Ta ce makiyayi in tunkiya ɗaya ta mutu, haƙuri yake yi. In suka fara faɗuwa nan da can, sai ya tambaya wace rijiya suka sha, wace fadama suka yi kiwo. Ta ce, "Tumaki mun iya yi masu haka. Ɗiyanmu ne ba mu iya ba?"

In ta dawo gida takan yi wanka, ta ɗora ɗan butar shayinta kan gawayi ƙarƙashin itacen bedi, ta zauna ba ta magana. Na koyi kada in tambaye ta komai sai ta sha kofi na biyu. Bayan haka sai ta dawo Gwaggon da na sani, mai tsokana, mai faɗa a kan gishiri. Da aka daina takarda aka ba su tabilet, ta sha wahala da ita. Yatsanta ya bushe, gilashin ba ya jin sa, sai ta lasa ta danna tana cewa abin nan ba shi da tarbiyya, sai an yi masa miyau yake amsa babba.

Sau ɗaya aka kai su buro, wato ofishin aikin, a Maradi don a nuna musu inda aikinsu yake zuwa. Ta dawo ta ba ni labari. Ta ce wani likita matashi, mai ladabi, ya haska musu taswirar ƙasarmu a bango, an yayyafa mata ɗige-ɗige. Ya ce kowane ɗigo yaro ne. Ya nuna musu yadda ɗigon ke taruwa in damina ta yi nisa, da yadda yake yin kauri inda gidan likita ya yi nisa da gari. Ya ce mutuwa ɗaya ba ta nuna wannan, sai an haɗa su da yawa. Gwaggo ta ce ta gane, kuma abin ya burge ta. Sai ta tashi ta je jikin bangon ta ɗora yatsa kan wani ɗigo ta ce, "Wanga wane ne?"

Likitan ya ce ba a iya sani. Da gangan ake cire sunaye kafin a haɗa, don a rufa wa iyalai asiri.

"Ya yi daidai," in ji ta, tana juya shayi. "Wallahi ya yi daidai, ba na son a san sirrin matan nan. Amma da suka cire sunayen, ina sunayen za su? Sai suka zauna wurina."

Lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

An yi mini aure a wani ƙauye na Sarkin Hausa, na haifi ɗan fari, namiji. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kama sunansa, ba ka yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi wata ce ke ɗaga shi. Na bi wannan sau da ƙafa, har ana yabona da kunya. Ya fara tafiya, ya fara kiran awaki, sai wata damina jikinsa ya yi zafi. Aka ba shi jiƙo, ya ɗan yi sauƙi, ya koma. Maigidana yana gona mai nisa da amalanken, ruwa kuma ya yanke hanya. Muka ce mu ga gobe. Da ya fara sanƙarewa aka nemo amalanken maƙwabci. A hanya ya cika, a cinyar uwar mijina, don ko a nan ba ni ce na riƙe shi ba.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Aka ce na yi ƙoƙari.

Bayan arba'in da 'yan makonni na ji ƙarar moto, na leƙa na ga farin lulluɓi. Ta zo gaisuwa tun ranar uku, saboda haka da na ga jakar aiki a kafaɗarta na san wannan zuwan dabam ne. Ƙauyenmu ya faɗo cikin yankinta. Daga baya na ji shugabansu ya ce zai aiko wata, ita ta ce a bar mata.

Ta sha ruwa, ta yi hira da uwar mijina har tsohuwar ta tafi duba awaki. Ta shigo ɗakina ta sauke labule.

"Ɗiyata, in kin ce a'a, tashi zan yi. Babu dole, ba kuma zan ji haushi ba."

Na ce ta zauna.

"Ban zo da laifin kowa ba. Mi sunanshi?"

Na ce, "Gwaggo, kin san sunanshi. Ke kika yi mashi wankan farko."

"Na sani. Daga bakinki nake son in ji."

Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Sunan da na ji kowa yana kira, ni ban taɓa ɗora shi kan harshena ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Ta jira. Ba ta taɓa ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da sunan ya fito, sai kukan ya fito, irin wanda ake ji har bayan danga. Na yi ta kiransa kamar yana bakin ƙofa zai amsa.

Da na lafa ta ce mu fara daga ranar da yake lafiya. Na gaya mata yadda yake satar ƙuli-ƙuli ya ɓoye a riga, da yadda nake jira kowa ya tafi gona in ɗauke shi in shinshina kansa. Sannan ta kunna tabilet. Zafin jiki, amai, ko ya ƙi nono, ko idonsa ya juye, ko wuyansa ya ƙage. Ina amsawa tana dannawa. Sai ta zo kan wata tambaya ta ɗan tsaya kafin ta karanta: tsakanin fara ciwon da fita neman magani, kwana nawa?

Na faɗa mata. Da na ji amsar a kunnena sai na ce, "Gwaggo, da mun tahi tun ranar farko, da yana nan?"

Ta ajiye tabilet ɗin kan tabarma.

"Ban sani ba. Wanda duk ya ce maki ya sani, ƙarya yake. Na zauna da matan da suka ruga tun ranar farko suka dawo da zane babu kowa ciki. Na ga kuma waɗanda suka makara Allah ya tashi nasu. Ba zan ce maki jinkiri ba ya cutarwa ba, yana yi, shi ya sa ake tambaya. Amma ke ba ki da amalanke, ba ke kika cika hanya da ruwa ba, ba ke kika aje gidan likita can nesa ba. Wannan ma akwai wurin rubuta shi, kuma zan rubuta."

Ba ta wanke ni ba, ba ta kuma ɗora mini ba. Har yau ina juya amsar nan. Wata rana ta ishe ni, wata rana ba ta isa.

Uwar mijina ta ji kukan, ta ji sunan. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta kai Maijirgi cewa ɗiyar gidanmu ta zubar da kunya, tana ihu da sunan ɗan fari, kuma gwaggonta ce ta sa ta. Lokacin ina Tasawa, Gwaggo ta roƙi a bar ni in huta wurinta. Muna tsakar gida Baba ya shigo, ko ruwa bai karɓa ba.

"Yaya, mi na yi maki?"

"Zauna, Auta." Haka take kiransa, har gemunsa ya yi fari.

"Ba zama ya kawo ni ba. Gidajen mutane ba su ishe ki ba sai kin shigo namu? Yaro Allah ya karɓi abinshi, mun rufe, mun yi shiru. Kin je kin tada shi. Kin sa yarinya ta ji kunya gaban surukanta. Don mi? Don a ba waɗansu can da ba su san shi ba? Kin mai da jikana lamba."

Gwaggo tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Nawa ukun nan, Auta, ko lamba ba su samu ba. Kana nan aka rufe su. Wa ya tambaye ni abin da ya same su? Kai ka tambaye ni?"

Baba ya tsaya kamar an mare shi. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri da aikinki," ya juya ya fita.

Daga ranar bai sake taka gidanta ba, shekara da shekaru. Ba su yi gaba irin ta ƙin sallama ba. In sun haɗu wurin suna ko biki, za su gaisa a tsaye kamar maƙwabtan nesa. Duk kaka amalanke zai zo da damman hatsi daga gonarsa, babu saƙo. Duk azumi ita kuma ta aika masa da ganyen shayi da sukari, babu saƙo. Ina tsakiya, kowa na tambayata lafiyar ɗayan a kaikaice. Ban taɓa ganin Baba a matsayin mugu cikin wannan ba. Shi a ganinsa matattu suna da haƙƙin a ƙyale su, shirun da muke yi kuma shi ne mutuncinmu. Jikansa ne, shi ma ya yi rashi, kuma shi ma babu wanda ya tambaye shi.

Na ƙara haihuwa. Zamani ya ɗan sauya: aka fara bi gida-gida da damina ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓi, aka raba gidajen sauro, aka buɗe ɗan gidan likita a garin da ke kusa da mu. Ranar da na danne ɗiyata na ɗura mata maganin nan mai ɗaci, Gwaggo tana wurin. Na ce, "Wannan aikinku ne ya kawo shi?"

Ta ce, "Wa ya sani. Mu da yawa ne, ƙasashe da yawa. Ni dai abin da aka ba ni na kai, ban rage ba, ban ƙara ba. Ko an karanta nawa, ko yana can cikin na'ura yana barci, ban sani ba." Ta goge wa yarinyar baki da gefen lulluɓinta. "Amma ki ba ta na gobe ma. Kar ki ce ta yi kuka."

Gwiwa da ido suka sa ta ajiye aiki. A nan ne sunayen suka fara fitowa. Tana cikin tankaɗe sai ta ambaci wani suna, ta faɗi garinsu, ta ce yana son kankana, wuyansa ne ya ƙage. Ta ci gaba da tankaɗenta. Da farko sau ɗaya a wuni, daga baya ba ƙaƙƙautawa. Muka kai ta Maradi, likita ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, babu abin yi sai kulawa. Na kwaso yarana na dawo Tasawa. Ta manta sunan unguwarmu, ta manta ko ta ci abinci, wata rana ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, daga wane gari?" Amma yaran nan ko ɗaya bai ɓace mata ba. Mace da namiji, Bahaushe da Buzu da Bafillace, kowa da garinsu, kowa da abin da ke ba shi dariya.

Da daminar bana ta kama sai ta fara ganinsu. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, haske ko'ina. Ta ce suna shigowa su jeru jikin bango, su zauna shiru kamar masu jiran awo. Ba ta tsorata ba. Damuwarta ɗaya, ƙasa da sanyi kuma tabarma ba ta isa. Na shimfiɗa mata duk tabarmin gidan, har da buhunan hatsi. Na san babu kowa a wurin. Duk da haka na kama kaina ina raɓawa ta tsakiyar ɗakin in zan kai mata kunu, ba na bin jikin bango.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, mi suke so?"

"Ba su son komai. Nan ne kawai aka san su."

Na daɗe kafin in yi tambaya ta biyu, ko nawa yana cikinsu. Ta duba wajen randa, ta yi murmushi, ta ce, "Ga shi can. Akwai abu cikin rigarshi." Na fita bayan ɗaki na zauna har aka kira azahar.

Da jikinta ya yi nauyi na aika wa Baba. Na ce in yana son ya same ta, ya zo. Ya iso wata la'asar bayan an ɗauke ruwa, ya daɗe tsaye a zaure yana karkaɗe takalmi da ba su da abin karkaɗewa. Ya shiga, ya ga tabarmi da buhuna shimfiɗe ko'ina, ya dube ni. Na yi masa bayani a gajarce, ƙasa-ƙasa. Fuskarsa ta ɗaure. Baba mutum ne da ba ya son irin wannan magana, ko tatsuniyar aljanu ba a yi a gidansa. Ya nemi wuri jikin bango ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa.

"Yaya, ya jiki?"

Ta juyo da kai a hankali. Kwanaki ke nan ba ta gane kowa ba. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Auta. Ka zo."

"Na zo, Yaya."

"Janye ƙafarka. Akwai yarinya nan, za ka taka mata hannu."

Na san Baba, na san abin da zai iya faɗa. Ya dubi tabarmar da babu komai a kanta. Ya dubi yayarsa. Sai ya naɗe ƙafafunsa a hankali, ya tattare bakin rigarsa ya cusa ƙarƙashin gwiwa.

"Na janye. Ta samu wuri?"

"Ta samu."

Ruwa na ɗiga daga indararo. Can Baba ya gyara murya, ya yi magana da Tamajak, harshen da suka tashi da shi, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina yarinya.

"Naki ukun nan, suna ciki?"

"Suna nan. Su ne kusa da kai."

"To gaya mani yadda aka yi, Yaya. Ina saurare."

Ta gaya masa. Muryarta ba ta fita sosai, sai da ya sunkuya. Ɗaya bayan ɗaya, tun daga haihuwa, da wanda ya yi kama da kakanmu, da wadda ƙyanda ta ɗauka, da na ƙarshen da bai ko yi ciwon kirki ba. Abin da ta riƙe fiye da rabin rayuwarta, ta sauke shi tsakanin la'asar da magariba. Baba bai katse ta ba. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, kuma bai miƙe ƙafarsa ba ko sau ɗaya, duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi. Da aka kira salla sai da na kama shi ya tashi.

Bai koma Maijirgi ba. Yana zaune a wurin nan, a takure, safiyar da ta cika. Shi ya rufe mata ido.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sauƙaƙa mata tambayar kabari kamar yadda ta sauƙaƙa wa uwaye tata tambayar. Ya haɗa ta da nata da na mutane a inuwa ɗaya. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

An share ɗakin, an mayar wa maƙwabta tabarminsu. Har yanzu ban sa kaya jikin bangon nan ba.